Babi na Shida: Baƙon da Ba Ya Kallon Hoto

A farkon watan Fabrairun 2006, duk wanda ya shiga Google ya nemi shafin kamfanin motoci na BMW na ƙasar Jamus bai same shi ba. Shafin yana nan, bai lalace ba, wanda ya san adireshinsa ya rubuta zai shiga. Google ne ya cire shi daga kundinsa ƙaf. Matt Cutts, injiniyan da ke jagorantar sashen yaƙi da maguɗi a Google a wancan lokaci, shi ya fito ya faɗi dalili. An yi wa shafin fuska biyu. Idan mutum ne ya shigo, nan take a wuce da shi zuwa wani shafi mai hotunan motoci masu sheƙi, rubutu ɗan kaɗan. Idan kuwa manhajar Google ce, sai ta tarar da shafi cunkushe da rubutu, an maimaita kalmar Jamusanci mai nufin mota ta hannu sau gommai. Da kamfanin ya cire waɗannan shafuka, bayan 'yan kwanaki aka mayar da shi.

Yawanci ana ba da wannan labari ne don a tsoratar da masu maguɗi. Ni abin da ya fi ɗaukar mini hankali shi ne abin da ya kai su ga maguɗin. Kamfani ne mai kuɗi, shafinsa ya ƙayatar, amma an gina shi don ido kaɗai, manhajar da ke tattara shafuka ba ta samun abin karantawa sosai a cikinsa. Maimakon a gyara ginin, sai aka yi mata wata ƙofa ta daban. Matsalar ta samo asali ne tun ranar da aka tsara shafin, kuma ita ce dai matsalar da ke damun shafukan 'yan kasuwa da yawa har yau, daga manya har ƙanana.

Lokacin da ka rubuta abu a Google ka latsa, ba intanet yake zagayawa a wannan daƙiƙar yana nemo maka ba. Kundinsa yake buɗewa. Yana da wata manhaja mai suna Googlebot wadda ba ta hutawa, tana shiga shafi, ta karanta, ta bi mahaɗan da ke cikinsa, wato rubutun nan da ake latsawa ya kai mutum wani shafi, ta shiga na gaba, haka dare da rana. Abin da ta karanta shi ake adanawa, kuma daga cikin abin da aka adana ake zaɓo wanda za a jera maka. Sai an gano shafi, an iya karanta shi, kafin a zo maganar ko shi ne na ɗaya ko na hamsin. Dukan ƙoƙarin da ake yi don shafi ya fito a sahun gaba ba tare da an biya kuɗin talla ba shi ake kira SEO a taƙaice. Mutane sun fi mayar da hankali kan jerin, sun manta cewa matakai biyun farko suna hannun wanda ya gina shafin.

A shekarun 1990, injinan bincike irin su AltaVista da Lycos sun fi dogara da abin da shafi ya faɗa game da kansa. Sai masu shafuka suka gane, suka riƙa cusa kalma ɗaya sau ɗari, wani lokaci da farin rubutu a kan farin bango yadda ido ba zai gani ba. Larry Page da Sergey Brin, ɗalibai a Jami'ar Stanford da ke Amurka, suka ɗauko wata dabara daga duniyar malaman jami'a, inda ake gane nauyin maƙala da yawan masu kafa hujja da ita. Suka ce duk mahaɗin da wani shafi ya yi zuwa naka shaida ce ya ba ka, kuma shaidar shafin da shi ma ake yawan nunawa ta fi nauyi. Suka sa wa tsarin suna PageRank, a kansa aka kafa Google a 1998. Tun daga nan hanyoyin awo suka yi ta ƙaruwa. A 2009 Google ya fito ƙarara ya ce ba ya amfani da jerin kalmomin da ake rubutawa a wani ɓoyayyen gurbi a bayan shafi wajen jera sakamako. Duk da haka har yanzu akwai masu karɓar kuɗin mutane da sunan za su cika musu wannan gurbi.

To me ke hannun mai tsara shafi? Mu ɗauki mai sayar da atamfa a Kantin Kwari. Ya biya an yi masa shafi, an kawo masa, ya ga hotuna suna juyawa, sunan shagonsa da manyan haruffa, ya ce madalla. Amma kowane shafi yana da take, wanda shi ne layin da ke fitowa da babban rubutu a sakamakon bincike, kuma yana cikin abubuwan farko da Googlebot ke dubawa don ta san abin da shafin ya ƙunsa. A shafuka da dama, taken bai wuce "Barka da Zuwa" ba, kuma shi ɗin ne a kan kowane ɓangare. Babu mahalukin da zai shiga Google ya nemi barka da zuwa yana son atamfa. Da an rubuta "Atamfa, leshi da shadda a Kantin Kwari, Kano, sari da ɗai-ɗai", da an gaya wa manhaja da mutum abin da ake sayarwa, da inda ake, da irin cinikin da ake yi, duk a layi guda. Aikin minti biyu ne, ba ya cin ko sisi. Haka nan, Google shafi-shafi yake jerawa. Idan an cusa atamfa da leshi da shadda da mayafai duk a dogon shafi ɗaya, mai neman shadda kaɗai zai fi samun wanda ya ware wa shadda nata shafin, ya bayyana ire-irenta, da tsawon yadi, da farashi.

Sai babbar cutar da ta fi kama mu, wato fosta. Mun saba da tallar WhatsApp da Instagram, inda ake zana komai a cikin hoto ɗaya: suna, lambar waya, adireshi, farashi, har da addu'a. A can yana aiki, domin waɗanda suka riga suka san ka ne ke gani. Sai a ɗauko wannan fostar a liƙa a shafin intanet a ce an gama. A wurin Googlebot, wannan hoto ne mai suna IMG da wasu lambobi. Gaskiya ne cewa manhajojin Google sun ci gaba wajen gane abin da ke cikin hoto, amma shawarar da kamfanin da kansa ke ba masu gina shafuka ita ce duk bayani mai muhimmanci a rubuta shi da rubutu na ainihi. Mutum ma haka yake buƙata: lambar da ke cikin hoto ba ta latsuwa, sai ya haddace ta ko ya nemi biro. Lambar da aka rubuta yadda ya kamata kuwa, da ya taɓa ta sai kira ya tafi. Kowane hoto kuma yana da gurbin da ake rubuta bayaninsa a ɓoye. An tanadi gurbin ne don wanda hoton bai buɗe masa ba, da kuma makafi masu amfani da manhajar da ke karanta musu shafi da murya. Wanda ya cika shi ya taimaki makaho, ya kuma gaya wa Google cewa wannan hoton shadda ce ruwan ƙasa.

Duniya ta taɓa shan wannan wahala da wata fasaha mai suna Flash. Shekaru da dama manyan kamfanoni suna gina shafukansu kacokan da ita saboda motsi da kiɗa da ƙyalƙyali, alhali injinan bincike da ƙyar suke tsintar wani abu a ciki. A Afrilun 2010 Steve Jobs ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana bayyana dalilin da ya sa iPhone ba za ta karɓe ta ba, kuma a ƙarshen 2020 kamfanin Adobe ya daina tallafa mata gaba ɗaya. Duk wanda ya zuba kuɗinsa a irin wannan shafi sai da ya sake sabon gini.

Maganar waya ta fi kowace shafar mu. A 2010 wani mai tsara shafuka, Ethan Marcotte, ya bayyana hanyar gina shafi ɗaya da zai riƙa miƙewa yana tsukewa gwargwadon girman allon da aka buɗe shi a kai. Ranar 21 ga Afrilu, 2015, Google ya fara fifita shafukan da ke buɗewa da kyau a waya ga masu bincike da waya. A 2016 ya sanar da cewa zai koma duba fuskar shafi ta waya a matsayin ainihin shafin, ya yi ta aiwatarwa sannu a hankali har ya ce ya kammala a Oktoban 2023. Ma'ana, abin da aka ɓoye ko aka yanke a fuskar waya, kusan tamkar babu shi ne.

Amma dubi yadda ake miƙa aiki. Mai tsara shafi ya zo da babbar kwamfutarsa, a ofis mai intanet mai ƙarfi, ya buɗe ya ce, "Alhaji, ga shi, duba yadda ya fito." Alhaji ya duba ya ce, "Kai, Malam, aiki ya yi kyau, Allah Ya yi albarka." Babu wanda ya tuna cewa mai sayen yana Gumel ko Maraɗi, riƙe da ƙaramar itel ko Tecno, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, data kuma ta ɗari biyu ya saya. Hoton da aka ɗauka da wayar zamani yakan kai megabait huɗu ko biyar. A jera ashirin a shafin farko yadda suke, an kusa megabait ɗari kenan. Mutumin zai ga farin allo, da'ira tana juyawa, hoto na farko yana saukowa layi-layi daga sama, sai ya ga saƙon kamfanin waya cewa datarsa ta kusa ƙarewa. Zai koma baya ya latsa na ƙasa da kai. Hoton nan kuwa ana iya matse shi ya dawo kilobait ɗari da hamsin ba tare da ido ya ga bambanci a allon waya ba. Ma'aunin da Google ya fitar a 2020 ya ce babban abin da ke shafi ya kamata ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Ba zan ce sauri shi ne komai ba, domin Google da kansa ya ce shafin da ya fi amsa tambaya yana iya wuce wanda ya fi sauri. Sai dai mai sayen da ya gaji ya tafi, ya tafi, ko da kai ne na ɗaya a jeri. Don haka duk mai kasuwa, kafin ya biya cikon kuɗin aiki, ya karɓi wayar yaron shagonsa ya buɗe shafin da data, a cikin kasuwa, da rana tsaka.

Akwai kuma tsaron adireshi, wanda ke farawa da https. Google ya sa shi cikin ma'aunansa a 2014, kuma tun Yulin 2018 burauzar Chrome ke rubuta wa shafin da ba shi da shi gargaɗin cewa ba amintacce ba ne. Ana samun shaidar tsaron kyauta daga wata cibiya mai suna Let's Encrypt, saboda haka babu uzurin rashinta.

Duk wannan aikin hannu ne, na mai tsara shafi. Amma akwai rabin aikin da ba zai iya shi kaɗai ba, ko da shi gwani ne. Bai san kasuwar ba. Mai shago ne ya san tambayoyin da ake yi masa kullum har ya gaji da amsawa: yadi nawa ke isar babbar riga da 'yar ciki da wando? Yaya ake gane shadda mai kyau da jabu? Kuna tura kaya Damagaram, kuma ta wace tasha? Wannan leshin yana zuba idan an wanke? Waɗannan tambayoyi su ne mutane ke rubutawa a Google da dare, kuma shafin da ya amsa su da gaskiya shi ake nunawa. Abin takaici, yawancin shafukan kasuwanci cike suke da maganganun da ba sa amsa komai, irin su "mu ne kan gaba wajen inganci da gamsar da abokan hulɗa". Ana kwafo su ne daga wani shafin, wanda shi ma ya kwafo daga wani. Google ya ce kashi 15 cikin ɗari na abin da ake nema kowace rana bai taɓa ganin an nema ba. Mutane suna tambaya da bakinsu, yadda abin ya zo musu, wani da Hausa, wani ya gauraya da Turanci ko Faransanci, akasari ba tare da haruffa masu lanƙwasa ba domin allon wayarsu bai da su. A ganina nan akwai dama babba da ake bari tana wucewa. A Turanci, ɗan kasuwarmu yana gogayya ne da dubban shafuka. A Hausa, tambayoyi da yawa babu wanda ya zauna ya amsa su a rubuce. Wanda ya sa aka yi masa shafukan Hausa na ainihi, kowanne da nasa adireshin, ba fassarar inji da aka watsa ba a duba ba, zai tarar fili a buɗe yake.

Dole a yi wa masu tsara shafuka adalci a nan. Da yawansu matasa ne da suka koya da ƙoƙarin kansu, ana biyansu kuɗi kaɗan sau ɗaya, kuma abin da ake yaba musu a kai shi ne abin da ido ya gani. Idan ya ce, "Ranka ya daɗe, ina buƙatar ka zauna da ni awa biyu ka gaya mini abin da masu saye ke tambaya," sai a ce masa babu lokaci, ya rubuta duk abin da ya ga dama. Idan ya ce bidiyon da ke tashi da kansa zai nauyaya shafin, sai a ce ai na wane yana da shi. Shago ne aka ƙawata da fitilu da madubai, amma a ƙuryar lungu, babu allo a bakin titi, sannan a zo ana tuhumar magini don ciniki bai zo ba. Duk da haka, wanda ya karɓi kuɗi da sunan gwaninta, haƙƙi ne a kansa ya faɗi gaskiya ko ba a so, kuma ya yi aikin da ba a gani ko da ba a tambaye shi ba.

Idan shafi ya yi wata biyu babu motsi, a lokacin ne masu alƙawari ke bayyana: ka biya kaza, cikin mako biyu kai ne na ɗaya. Labarin J.C. Penney, babban kantin nan na Amurka, ya isa misali. A Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo cewa kantin ya shafe watanni yana fitowa na ɗaya a binciken riguna, da zannuwan gado, da darduma, har ma da wata jakar tafiya ta Samsonite, inda ya sha gaban shafin kamfanin Samsonite ɗin kansa. Dalili shi ne dubban mahaɗai da aka dasa a shafukan da ba su da wata alaƙa da kayan. Da Google ya ɗauki mataki, cikin awa biyu kantin ya faɗo daga na 1 zuwa na 71 a binciken jakar. Kantin ya ce bai san an yi ba, ya kuma sallami kamfanin da ya ɗauka don wannan aiki, amma hukuncin a kansa ya faɗa, ya ɗauki kusan wata uku kafin ya farfaɗo. A wannan watan na Fabrairu Google ya fito da gyaran da aka sani da Panda, don danne shafuka marasa ƙunshiya, a Afrilun 2012 kuma ya fito da Penguin, don maganin mahaɗan saye. Kamfanin ya rubuta a bayanansa cewa babu wanda zai iya ba da tabbacin matsayi na ɗaya, kuma ba ya karɓar kuɗi don ɗaga shafi a jerin da ba na talla ba. Tallar da yake sayarwa tun shekarar 2000 daban take, da alamarta, kuma ranar da ka daina biya ranar take ɓacewa. Wata jami'arsa ta bayyana a 2017 cewa aikin SEO na gaskiya yakan ɗauki wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfaninsa. Mahaɗin da ke da daraja shi ne wanda ya zo da dalili: jarida ta yi labarinka, ƙungiyar 'yan kasuwarku ta sa ka a jerinta, kamfanin da kake wa dillanci ya ambace ka.

Tun Mayun 2024 Google ya fara ɗora amsar da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa a saman sakamako, da farko a Amurka, daga baya a ƙasashe da yawa. Wannan yana rage masu latsawa su shiga shafuka, kuma damuwar masu shafuka a kai tana da tushe. Sai dai ita ma wannan amsa daga rubutun shafuka ake haɗo ta. Wanda bayanansa ke cikin fosta, can ma ba za a ambace shi ba.

Ga mai shago ɗaya a gari ɗaya, sau da yawa abin da ya fi kawo mutane ma ba shafin ba ne, rajistar kasuwanci ce ta Google, wadda ke fitowa a kan taswira da adireshi da lokacin buɗewa da ra'ayoyin masu saye. Kyauta ce. Mai tsara shafi na kirki zai buɗe ta tare da shafin, ya tabbatar suna da adireshi da lambar waya iri ɗaya ne a ko'ina.

Saura maganar mallaka, wadda ta fi kowace jawo kuka. Sunan adireshin shafi haya ce ta shekara-shekara. A Najeriya ƙungiyar NiRA ce ke kula da adireshin da ke ƙarewa da .ng, ta hannun kamfanonin da ta amince wa su yi rajista. Sau da yawa mai tsara shafi yakan yi rajistar da sunansa da imel ɗinsa don sauƙi, ba da mugun nufi ba. Shekara ta zagayo, ya canza lamba ko ya bar gari, saƙon sabuntawa yana zuwa akwatin da ba a buɗewa, adireshin ya mutu, wani ya saye. Duk shaidar da shafin ya tara a wurin Google tana manne ne da wannan adireshin. Saboda haka rajistar ta kasance da sunan mai kasuwa da imel ɗinsa, haka ma'ajiyar da shafin ke zaune, haka kuma Search Console, kayan aikin da Google ke bayarwa kyauta, wanda ke nuna shafukan da ya adana, da waɗanda ya kasa karantawa, da ainihin kalmomin da mutane suka rubuta har suka gan ka.

Ranar miƙa aiki akwai abu biyu da ake yawan mantawa. WordPress, dandalin gina shafuka wanda fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya ke kansa, yana da wani ɗan akwati a saitunansa da ke roƙon injinan bincike kada su adana shafin. Ana latsa shi lokacin gini don kada a ga aikin da bai kammala ba, kuma idan aka manta ba a cire ba, shafin zai iya yin watanni ba ya cikin kundi. Na biyu ya shafi wanda ke da tsohon shafi aka sabunta masa. Idan adireshin ɓangarorin ya canza, dole kowane tsoho a haɗa shi da sabonsa ta hanyar turawa ta dindindin, wadda masu aikin ke kira 301, in ba haka ba duk wanda ya biyo tsohon mahaɗi zai tarar da shafin da ke cewa ba a samu ba, matsayin da aka yi shekaru ana tarawa kuma ya zube. Mai kasuwa yana iya dubawa da kansa: bayan mako biyu ko uku da buɗe shafin, ya shiga Google ya rubuta site: ya liƙa adireshinsa a gaba ba tare da tazara ba. Shafukan da suka fito su ne Google ya adana. Idan babu ko ɗaya, ya kira wanda ya yi masa aikin a ranar, su buɗe Search Console tare su ga abin da ya tare hanya.